Dalma, Numfashi da Gorar Uba

A yankin Lolo, inda Ƙaramar Hukumar Bagudo ta yi iyaka da Jamhuriyar Benin, akwai wani ɗan masunta da ya iya nitso tun kafin ya sauke izu biyar. Mahaifinsa ne ya koya masa hawa gora: a kifa ƙirji a kanta, a miƙe ƙafafu, a bar Kogin Neja ya ɗauki nauyin mutum. Duk sa'ad da kwale-kwale ya kife, irinsu ake kira su lalubo waɗanda ruwa ya ci, ba su da komai sai numfashi guda a ƙirji. Bayan hatsarin jirgin ruwa na Warra a watan Mayun 2021, wanda ya ci rayuka masu yawa, sai ya tafi Legas ya koyi nitso da tukunyar iska.

Ranar da ya fara gwada kayan a kogin garinsu, kunya ya sha. Yana shiga ya nutse tamkar dutse, ƙafafunsa suka tono laka, ruwa ya turɓune har bai iya ganin tafin hannunsa. Da ya taso, tsohon yana zaune a kwale-kwale. "Ɗana," in ji shi, "kayan ne suka yi maka nauyi, ko kuwa ruwan ne ya manta ka?"

Amsar tana cikin gishiri. Ruwa yana tallafe jiki ne gwargwadon nauyin ruwan da jikin ya ture, kuma lita guda ta ruwan teku ta kai kimanin giram 1,025, ta kogi kuwa 1,000. Mutumin da shi da kayansa suka kai kilo 100 yana buƙatar rage dalma wajen kilo biyu da rabi idan ya baro teku. Shi kuwa ɗamarar dalmar Legas ya ɗaura. Don ya rama nauyin, sai ya dinga ɗura iska a rigarsa, abin da ya ƙara dagula lamarin, domin iska ba ta zama wuri ɗaya: a zurfin mita 10 matsin ruwa yana mayar da ita rabi, idan an taso kuma ta kumbura. Mai iska da yawa a riga kullum cikin hawa da sauka yake.

Ya koma gwajin da aka koya masa. Da tukunya ta kusa ƙarewa, domin iskar cikinta kanta ta haura kilo biyu, ya sace rigar sarai, ya tsaya a ruwa da numfashi madaidaici. Ya yi ta cire dalma har ruwa ya tsaya masa daidai ido, ba ya nutsewa sai ya fitar da numfashi. Daga nan huhu ya karɓi aikin. Kowace lita ta iska tana ɗaga kilo guda. Ya shaƙa a hankali ya ɗago kaɗan, ya fesar ya sauka kaɗan.

Saura kwanciyar jiki. Dalmar ƙugu tana rinjayar ƙafafu ƙasa, don haka ya matsar da tukunyar sama, ya mayar da wata dalmar kusa da kafaɗa, ya lanƙwasa gwiwa ya ɗaga sawu. Mahaifin ya leƙa ta gefen jirgi ya ce, "Ai hawan gora ne." Haka ne kuwa. Wanda ya kwanta a miƙe ba ya tayar da laka, iskarsa kuma tana daɗewa. A kogin da gani bai da nisa, wannan ne ke raba mai dawowa da labari ga dangin da ke jira a gaɓa da mai dawowa hannu rabbana.

Abu ɗaya ne cikin gadon gidansu ya zama dole ya yar: riƙe numfashi. Iskar da aka shaƙa a ƙasa tana kumbura yayin tasowa, kuma ko daga zurfin da bai kai mita biyu ba tana iya yaga huhu. Ya faɗa wa tsohon haka. "Baba, a wannan aikin, abin da kuka fi yaba mini shi ne zai kashe ni."

Tsohon ya yi shiru na ɗan lokaci. Sannan ya tattara dalmar da aka cire, ya ce za ta yi amfani a bakin taru.