Shirun Inji Ba Shi Ne Lafiya Ba

A Maradi akwai wani tsohon makaniki da ya yi shekara talatin yana kwance injin Peugeot, tun daga 404 har zuwa 504, ana kuma yi masa shaidar cewa da kunne kaɗai yake gane ciwon mota. A shekarar 1995 kunnen nan ya yaudare shi, abin da ya same shi kuwa darasi ne ga duk mai riƙe da sifana.

Tun da aka karya darajar kuɗin sefa a watan Janairu na 1994, tamma guda ta Faransa ta tashi daga sefa 50 zuwa 100, kayan gyaran mota suka yi tsada ƙwarai. Sabuwar kulas, wato murfin da ke rufe kan inji, ta gagari talaka. Idan zafi ya tanƙwara ta, sai a kai ta a kankare fuskarta har ta miƙe, abin da ƴan gareji ke kira rektifiye. Amma kulas da aka kankare ta rage tsawo ke nan, ta matso kusa da gangar inji, alhali sandunan nan na ƙarfe da ake kira tij, masu kai turi daga ƙasa zuwa ga kulbite don ya buɗe supap, suna nan da tsawonsu na da. Abin da aka rage a sama ya zama ƙari a jikin sanda.

A 504 wannan ba damuwa ba ce. Kowane kulbite yana da noti na daidaitawa. Inji na sanyi, a sa ƴar ma'auni a bar ratar milimita 0,10 ga supap na shigar iska, 0,25 ga na fitar hayaƙi, shi ke nan. Tsoho ya yi haka ya fi sau dubu.

Sai ga wani ɗan kasuwa ya kawo tsohuwar Range Rover da ya saya a gwanjo, wadda ta yi zafi. Injinta mai silinda takwas asalinsa na Buick ne na Amurka, kamfanin Rover na Ingila ya sayi izinin ƙera shi a 1965. Aka kankare kulas biyun, aka gyara mazaunin supap, aka ɗaure. Tsoho ya nemi noti bai gani ba, domin wannan inji ba shi da shi: a ƙarƙashin kowace sanda akwai pusuwar mai aiki da mai, wani ɗan kofi da ke cika da man inji ya cinye rata da kansa. Aka tada mota, ta yi shiru kamar agogo. Tsoho ya ce aiki ya yi.

Ba a yi wata guda ba, motar ta mace tsakanin Gazawa da Tasawa, ɗauke da iyalin mai ita da kayan biki, rana tsaka. Da aka jawo ta aka buɗe, supap biyu sun ƙone. Mai mota ya yi rantsuwa a gaban jama'a cewa sai an biya shi, sunan gareji kuma ya fara lalacewa a tasha.

Cikin yaran gareji akwai wani da ya bar lokol a aji na uku na kwaleji, yana iya karanta Faransanci. Ya samo littafin gyaran motar a hannun wani direba, ya kwana yana dubawa. Da safe ya durƙusa ya ce: "Maigida, ku gafarce ni. Ina jin sandunan sun yi wa injin tsawo." Tsoho ya dube shi ya ce: "Kai yaro, ƙarfe na ƙara tsawo ne?" Ya ce: "A'a Maigida, mu ne muka rage masa wuri."

Gaskiyar yaro ce. Pusuwar na bukatar sanda ta danna cikinsa kaɗan, wajen rabin milimita zuwa milimita ɗaya da rabi. Idan dannin ya gaza, inji ya riƙa ƙwanƙwasa, kowa ya ji. Idan ya wuce kima, babu ƙara ko kaɗan, amma in aka taka mota pusuwar ya cika da mai, ya hana supap zama daram a mazauninsa. Supap na hayaƙi kuwa ta wannan zaman ne yake sauke yawancin zafinsa. In bai zauna ba, wuta ta bi ta gefensa ta cinye shi. Suka auna da waya mai sanannen kauri, suka tarar dannin ya kai milimita 2,2, domin tun kafin gwanjo an taɓa kankare kulas ɗin, gyaran mazauni kuma ya ƙara ɗaga kan supap.

A Amurka masu gyaran irin wannan inji sukan auna da sanda mai noti, sannan su sayi sanduna gajeru daidai da awon. A Maradi babu mai sayar da su. Sai suka yanka falle-fallen ƙarfe mai kaurin milimita 0,8, suka huda masu ramin wucewar mai, suka sa ɗaya a ƙarƙashin kowane ginshiƙi huɗu da ke riƙe da sandar kulbite, dama da hagu. Saboda yadda kulbite ke lilo, abin da aka ɗaga yakan ragu daga danni kusan sau 1,6. Awo ya dawo wajen 0,9. Tsoho ya sayi supap da kuɗin aljihunsa, bai karɓi ladan aiki ba.

Tun daga ranar, ba a ƙara kai kulas wurin kankara daga garejinsa ba sai an rubuta a bango abin da aka cire mata. Idan sabon yaro ya tada inji ya yi murna da shirunsa, tsoho kan miƙa masa ma'auni ya ce: "Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ɗana. Ni ma na sa shi a wuyana. Je ka auna."