Gundura: Ciwon da Ba a Zuwa Dubiyarsa

Idan mutum ya ji rauni a ƙasarmu ba ya rasa masu dubiya. 'Yan'uwa da abokan arziki za su yi ta sallama, wannan da lemo, wancan da ayaba, kuma tambayar kowa ɗaya ce: ya jiki? Tambaya ce mai kyau, sai dai amsarta ba ta wuce "da sauƙi". Bayan mako biyu ƙafa takan ɗauke, raɗaɗin ciwo ya lafa, a bar majinyaci da wata cuta da ba a kawo wa kowa lemo saboda ita, wato gundura. A kanta nake son yin magana, domin na zauna da ita mako 10, na kuma gane cewa ga mai aiki da hannu haɗarinta yakan kai na karayar kanta.

Shekara 14 ke nan ina kaɗa jita. Ba da ita nake ci ba, aikin ofis nake yi, amma kullum na dawo gida tsakanin la'asar da magariba lokacinta ne. A daminar da ta wuce santsi ya kwashe ni a bakin titi, na kai hannun hagu ƙasa don in tare jikina. Hoton ƙashi ya nuna karaya a wani ɗan ƙaramin ƙashi da ke gindin babban yatsa, wanda likitoci ke kira sikafoyid, ɗaya daga cikin ƙasusuwa 8 da ke tsintsiyar hannu. Likita ya yi mini bayani cewa jini ba ya isa wani sashe na wannan ƙashi sosai, shi ya sa yake jinkirin haɗewa, kuma idan aka takura masa da motsi yana iya ƙin haɗewa gaba ɗaya, sai an yi tiyata. Aka naɗe hannun da filasta mai tauri daga ƙasan gwiwar hannu zuwa babban yatsa. Hannun hagu kuwa shi ke danne tsirkiya a wuyan jita. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, balle ya fitar da waƙa.

Mutane da yawa suna ɗauka gundura rashin abin yi ce. Ni dai abin yi bai yanke mini ba: ina zuwa ofis, ga littattafai, ga rediyo, ga waya cike da bidiyo. Abin da ya ɓace shi ne abin da yake raba mini yini gida-gida. Da can in na tashi aiki akwai inda na nufa, akwai kiɗan da na bari jiya a rabi ina ɗokin ƙarasawa. Da aka cire wannan sai yammaci ya zama fili fetal, agogo ya yi nauyi, abin da bai kai ya kawo ba ya riƙa ɓata mini rai. A mako na uku na lura kantar da ke kan yatsuna, wadda tsirkiya ta shekara da shekaru tana ginawa, ta soma laushi tana ɓarewa. Wannan ya fi filastar kanta tayar mini da hankali, domin ji na yi kamar ana goge shaidar cewa na taɓa iya wani abu.

A nan haɗarin yake. Gundura takan yi wa mutum raɗa a kunne: ai zafin ya tafi, yatsu huɗu suna waje, me zai hana ka ɗan gwada? Makaɗi, tela, kafinta, mai gyaran waya, marubuci, duk wanda ya taɓa ajiye aikin hannunsa dole ya san wannan murya. Zafi yakan tafi tun ƙashi bai gama haɗewa ba, saboda haka makonnin da mutum ya fi jin ya warke su ne waɗanda ya fi sauƙin ɓata aikin likita. Duk wanda bai sami abin da zai rufe bakin wannan murya da shi ba, haƙurinsa ba zai kai ranar kwance ɗauri ba.

Abokai masu son faranta mini rai sun yi ta turo mini labarin manyan makaɗan da suka yi fama da ciwon hannu. Na farko shi ne Django Reinhardt, wanda aka haifa a Beljiyam a 1910. A 1928 gobara ta tashi a keken gidan da yake kwana, ta ƙone shi, yatsu biyu na hannunsa na hagu, ƙaramin yatsa da na kusa da shi, suka shanye. Ya sake koyon jita yana dogara da yatsu biyun da suka rage masa lafiya, kuma a 1934 shi da mai goge Stéphane Grappelli suka kafa ƙungiyar da ta sa sunansa ya zaga duniya daga birnin Paris. Na biyu shi ne Tony Iommi na Birmingham a Ingila, wanda injin masana'anta ya datse masa kan yatsu biyu yana ɗan shekara 17. Shugabansa a wurin aiki ne ya sa masa faifan Django ya saurara, daga nan ya ƙera wa yatsun hula da robar kwalba, ya koma amfani da tsirkiya mai laushi, daga baya ya zama makaɗin ƙungiyar Black Sabbath.

Labarai ne masu ƙarfafa zuciya, amma na lura masu ba da su sukan yi tsalle daga ranar tsautsayi zuwa ranar nasara. Django ya shafe kusan shekara ɗaya da rabi yana jinya. Wannan tsawon lokaci a jimla ɗaya ake wuce shi, alhali a cikinsa mutum yake zaune, yana ƙirga azarar ɗaki. Abin da na ɗauka daga wurinsu shi ne duka biyun ba su fita daga harkar kiɗa ba a lokacin da ƙofar da suka saba shiga ta rufe, sun zaga sun nemi wata. Sai ni ma na tambayi kaina, wane ɓangare na kiɗa ne ba ya bukatar hannun hagu?

Na farko sauraro. Mai kaɗa jita yakan saurari kiɗa hannunsa na ƙaiƙayi, yana jin layi biyu sai ya ɗauki tasa ya bi. Da aka ɗaure ni sai dole na zauna na ji waƙa daga farko har ƙarshe. Na koma kan faifan marigayi Ali Farka Touré na Niafunké a ƙasar Mali, wanda na yi zaton na san kiɗansa, sai na ji yadda yake barin sauti ɗaya ya gama numfashinsa kafin ya kawo na gaba. Na saurari marigayi Ɗanmaraya Jos, wanda kuntiginsa tsirkiya ɗaya ce tak, amma ya riƙe jama'a da ita shekaru masu yawa. Mai tsirkiya 6 da ke ganin yawan sauti shi ne gwaninta yana da darasi a wurin mai tsirkiya ɗaya, kuma hannu a ɗaure ne kunne ya fi ɗaukar wannan darasi.

Na biyu bita a zuci. Wannan ba tatsuniya ba ce. A 1995 masanin ƙwaƙwalwa Alvaro Pascual-Leone da abokan aikinsa a Amurka suka wallafa wani gwaji da suka yi da mutanen da ba su iya fiyano ba. Wasu sun yi atisayen yatsu biyar a kan fiyanon awa 2 kullum har kwana 5, wasu kuma sun zauna suna kwatanta motsin a zuciyarsu kawai, yatsunsu ba su motsa ba. Sashen ƙwaƙwalwar da ke juya yatsun ya faɗaɗa a rukunonin biyu. Masu bitar zuci ba su kai na farko ƙwarewa ba, amma da suka yi atisaye na zahiri sau ɗaya sai suka kamo su. Saboda haka na ware minti 20 kullum, in rufe ido in bi waƙa ɗaya gaɓa-gaɓa, ina ganin inda kowane yatsa zai sauka. Duk inda hoton ya dushe a raina, na san wurin ne da can hannu yake wucewa da ni ba tare da na fahimce shi ba.

Na uku hannun dama, wanda lafiyarsa ƙalau. Bayan na nemi izinin likita, na ɗaure tsirkiyoyin ta yadda za su yi amo mai daɗi ko ba a danne su ba, na kwantar da jitar a cinya, na riƙa koya wa babban yatsa riƙe ƙasan kiɗa yayin da manuniya ke yawo a sama. Shekara da shekaru wannan hannu ɗan rakiya ne, sai a jinyar ɗan'uwansa ya sami mai kula da shi.

Na huɗu, kuma wanda ya fi cika mini yammaci, koyarwa. Akwai wani yaron maƙwabta da ya daɗe yana leƙe in ina kiɗa. Na kira shi na miƙa masa jitar. Da yake ba ni da ikon karɓa in nuna masa, dole komai ya fito ta baki. Ranar da ya ce, "Kawu, me ya sa wannan sautin yake kiran wancan?" sai da na kwana biyu ina juya tambayar kafin na sami amsar da yaro zai gane. Abin da yatsu suka sani daban, abin da harshe zai iya bayyanawa daban, kuma na ƙaru a wannan zama fiye da yadda ya ƙaru.

Ba zan ce waɗannan sun kashe gundurar ba. Akwai ranakun da babu abin da ya yi mini daɗi, na zauna ina kallon jita a jikin bango kamar baƙon da ba ma jin harshen juna. Amma sun mayar wa yammacina da fasalinsa, sun kuma ba ni abin da zan faɗa wa muryar nan mai cewa in gwada. Da aka kwance filastar hannun ya rame, ya sandare, aka tura ni wurin masu gashin ƙashi. Minti 10 suka yarje mini in kaɗa a rana, tsirkiya tana cizon yatsa kamar ta ɗan koyo. Sannu ba ta hana zuwa, kuma yanzu na kai rabin awa.

Ga duk wanda ciwo ya raba da sana'arsa ko abin da ransa ke so, shawarata ita ce ya rarraba abin nan kashi-kashi, ya duba wane kashi ne ciwon bai taɓa ba, ya sa masa lokaci tsayayye a kowace rana. Tela yana iya nazarin yanka, makaniki yana iya koyar da yaransa daga kan benci, ɗan ƙwallo yana iya karanta wasa daga gefen fili. Ga 'yan'uwa da abokai kuma, ku tuna da majinyacinku a mako na huɗu da na biyar, lokacin da kowa ya ɗauka ya warke. Ku je masa da tambayar da shi kaɗai zai iya amsawa a kan abin da ya ƙware, ku zauna ku saurari amsar. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti.