Kurnar Nasara: Kyan Ɗan Maciji

Mu Hausawa ba mu saba dasa itace don kallo ba. Kowace bishiya da muka bari a gona ko a ƙofar gida da dalilinta: kuka don miya, ɗorawa don kalwa, tsamiya don kunu, gawo don taki da abincin bisashe, ceɗiya da durumi kuwa don inuwar hira. Wadda ba ta kawo komai ba, gatari ne makomarta. Saboda haka duk wanda ya yi niyyar dasa kurnar nasara a gidansa sai ya shirya amsa tambayoyi, domin ba a cin 'ya'yanta, inuwarta kuma ba ta kama ƙafar ta darbejiya ba. Abin da ta zo da shi kyau ne da ƙamshi.

Asalinta daga nahiyar Asiya ne, tun daga ƙasar Hindu har zuwa Sin da arewacin Ostareliya. Danginta ɗaya da darbejiya da maɗaci. Masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin, Linnaeus, shi ya raɗa mata sunan kimiyya Melia azedarach a 1753, kalmar ƙarshen kuma daga Farisanci aka aro ta, ma'anarta itaciya mai 'yanci. A nan ƙasar ta riga ƙanwarta suna, don kuwa Likita Dalziel ya sa ta cikin littafinsa na sunayen tsirran Hausa tun 1916, alhali darbejiya sai a 1928 aka fara dasa ta a lardin Barno. Amma yau ƙanwar ta cika kowane titi, yayar kuwa sai an tona, a tsofaffin gidajen gwamnati ko wani lungu na makaranta.

Wanda bai lura ba zai ɗauka darbejiya ce. To, kama da wane ba wane ba ne. Ganyen darbejiya jere yake a kan tsinke guda, na kurnar nasara kuwa tsinken ne ke sake yin 'yan rassa, kowanne da nasa ganye. Darbejiya ba ta yin tsirara, ita kuwa wannan in sanyi ya kama sai ta kakkaɓe ganyenta, ta bar 'ya'yanta rawaya suna reto a rassa wata da watanni. Sa'an nan sabon toho ya zo tare da fure gungu-gungu, fari mai sirkin shunayya, tsakiyarsa ta yi duhu kamar an tsoma a baba. Da la'asar sakaliya, in iska ta kaɗa, ƙamshin kan cika tsakar gida har ya tsallaka katanga.

Shekarar da tamu ta fara fure, wani dattijo maƙwabcinmu ya tsaya ya daɗe yana dubanta, can ya ce, "Malam, wannan ana cin 'ya'yanta?" Muka ce, "A'a, Baba, ba a ci." Ya ce, "To, magani ce?" Muka ce ba don haka muka dasa ba, don kallo ne kurum. Ya girgiza kai ya ce ashe akwai masu ruwan zubarwa. Maganarsa tana kan hanya, domin mutumin da ya ga farin 1973 da na 1984 ba ya wasa da guga guda na ruwa. Sai dai mun lura, tun daga ranar, in dai tana fure, a gindin katangarmu yake shimfiɗa buzunsa.

Dashenta ba wuya. Takan fito daga ƙwallo, takan kuma kama daga yankakken reshe. A dasa da farkon damina, a yi mata kariya daga awaki, a ba ta ruwa a ranin farko. In ta kafu, tana jure fari da ƙasa marar ƙarfi. Girmanta da sauri, cikin 'yan shekaru ta soma fure, tsawonta kan kai mita 7 zuwa 12. Amma mai saurin girma ba ya ƙarko: itacenta gautsi gare shi, iskar hadari kan karya manyan rassa. Don haka kada a kusantar da ita ga rufin ɗaki ko wayar lantarki, kuma a riƙa sassabe rassan ƙasa tun tana ƙarama, tunda icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. An ce suna linzami, to wannan sunan yana iya jan yaro zuwa halaka. Kurna abin marmari ce ga yaranmu, 'ya'yan wannan kuwa girmansu da launinsu sun yi kusa da nata, alhali guba ce a cikinsu. Ƙwaya kaɗan sun isa su jawo amai da zawo da kasala, in abin ya yi tsanani numfashi ya sarƙe, a rasa rai. Dabbobin gida ma ba su tsira ba. Haka nan wanda ya saba dafa ganyen darbejiya don zazzaɓi, kada ya kuskura ya tsinko wannan a madadinsa. Duk gidan da ke da ita, wajibi ne a share 'ya'yan da suka zuba kowace safiya, a nuna wa yara ita da hannu a ce wannan ba kurna ba ce, in kuma tsautsayi ya faɗa a garzaya asibiti ba tare da jiran alama ba. Gidan da yara ƙanana suka yi yawa, da makarantar firamare, gara a haƙura da ita.

Tsuntsaye dai suna ci lafiya, su kai ƙwallon nesa. Ta haka ta tsere daga lambuna a kudancin Amurka ta mamaye bakin gonaki, a Afirka ta Kudu kuma ta cika bakin rafuka har dokar 2014 ta sa ta cikin tsirran da aka hana dasawa. Mai ita ya riƙa tuge 'yan tsiron da ke fitowa inda ba a gayyace su ba.

Duk da haka ba mu ga laifin mai dasa ta ba, muddin ya san abin da ya ajiye. Kakanninmu da suka zana bangon soro, suka yi wa riga aska takwas, suka sassaƙa ƙwarya, ba don ci suka yi ba. Sun san ido ma yana da nasa haƙƙi. Abin da kurnar nasara ta ƙara mana shi ne, kyau yana da ɗawainiya. Wanda ba zai iya riƙe tsintsiya kullum ba, ba zai iya tsawata wa yaro ba, ya dasa mangwaro. Wanda kuwa ya ɗauki nauyin, to, ya saurari lokacin toho.