Ina FUBU ta shiga?



Yawancinmu a ajin nan ba mu san FUBU ba, amma ku tambayi yayyenmu da kawunnanmu. Wajen shekarar 2000, saurayin da ya sa burgujejen wandon jins mai wannan tambari ranar kasuwar Jibia, ko ranar Sallah, shi ne ɗan gayu. Yau ko a tarin gwanjo da wuya ka gan shi.

Wani matashi baƙar fata, Daymond John, shi da abokansa uku suka kafa FUBU a 1992 a birnin New York na Amurka. Da ɗinkin huluna suka fara, a gidan mahaifiyarsa, wadda ta yarda aka jinginar da gidan don a sami jari. Ma'anar sunan a Turance ita ce, domin mu aka yi, kuma mu muka yi. Da mawaƙan gambarar zamani irin su LL Cool J suka fara sa kayan, sai matasa suka yi caa. A 1998 cinikin kamfanin ya kai kimanin dala miliyan 350.

Ta ƙofarmu irin waɗannan kaya suke shigowa. Dokar Najeriya ta hana shigo da gwanjo, don haka a wancan lokaci diloli kan sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, a kawo su Maraɗi, su biyo ta Ɗan Isa da Magama, su zarce Katsina da Kano. Mu 'yan bakin iyaka muna cikin masu fara gani.

To me ya kayar da FUBU? Yawa. Kamfanin ya cika kasuwa da kaya har aka koma karyar da su a shagunan rangwame, ga kuma jabu ko'ina. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Abin da kowa ya sa, ɗan gayu ya daina so. Wajen 2003 kamfanin ya janye daga kasuwar Amurka ya koma neman ciniki a wasu ƙasashe. Daga baya yayin matsattsen wando ya zo ya kori burgujeje gaba ɗaya.

Abin da ya sa muka kawo wannan labari shi ne, mu ma muna da namu yayin. Akwai waɗanda a cikinmu ke matsa wa iyaye lamba sai an saya musu riga ko takalmi mai suna, alhali kowa ya san yadda rufe iyaka a 2019 da 2023 ya karya sana'ar gidaje da yawa a garin nan. Kuɗin da zai biya jarrabawar WAEC bai kamata ya tafi a tambarin da nan da shekara biyar ƙannenmu za su yi wa dariya ba.

Akwai kuma abin koyi. Yara huɗu da keken ɗinki ne suka sa duniya ta san sunansu. Teloli nawa ne a Jibia, kuma mu nawa ne ke zuwa koyon ɗinki bayan an tashi daga makaranta? Mun daɗe muna kallon kayan wasu suna wucewa ta Magama suna shigowa. Muna fatan ranar da dila mai ɗinkinmu za ta bi hanyar nan ta nufi Maraɗi.

Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta