Koci, A Ina Ka Buga?

A Kano, duk wanda ya rataya usur a wuya ya sa wandon tirenin, to ya zama koci. Ba mai tambayarsa a hannun wa ya tashi, ko wa ya ba shi izinin tara 'ya'yan mutane. Yara za su kewaye shi, iyaye su riƙa gaishe shi da girmamawa, kafin ka ankara ya buga fom ya raɗa wa filin firamaren unguwa suna akademi. Ban ce dukansu macuta ne ba. Da yawa son wasan ne ya fito da su, har daga aljihunsu suke sayen ƙwallo. Sai dai mai son wasa da mai son kuɗin yara shigarsu ɗaya ce, ido ba ya raba su.

Ni sana'ata tantance fata ce a ɗaya daga cikin kamfanonin jima na Challawa. Dillali zai sauke lodin fatun awaki ya rantse maka cewa jajayen nan ne na Sakkwato da Turawa ke rububi. Ba na ƙaryata shi, ba na kuma gaskata shi. Ɗaya bayan ɗaya nake ɗaga su in haska, in ga ko wuƙar mai fiɗa ta yanke ta, ko kaska ta ɓata bayanta, ko gishiri bai ratsa ta ba har ta soma ruɓa. Dillalin da ya san kayansa ba ya fushi da wannan, shi ma yake miƙo maka ta gaba. Abin da muke yi wa fatar akuya ke nan, amma ɗan da muka haifa sai mu danƙa shi ga wanda ko cikakken sunansa ba mu sani ba.

Da mu ma'aikata mazauna Panshekara da Zawaciki muka haɗa ƙaramin kulob don yaranmu su daina gararamba bayan la'asar, sai aka ɗora mini neman koci. Tun a zaman farko wani dattijo a kwamitin ya ja ni gefe.

"Malam, ka bi a hankali. Mutum da furfurarsa ka ce ya nuna maka takarda, ai cin fuska ne."

Na ce, "Baba, in ya karya ƙafar jikanka, fuskar wa za mu duba?"

Ya yi shiru, amma na san ba shi kaɗai ke da wannan tunanin ba. Kunya ce ke hana mu tambaya, kuma masu cin kasuwarsu a wannan harka sun fi kowa sanin haka.

Na farkon da ya zo mana babban mutum ne, mai faran-faran, riƙe da jakar hotuna. Ga shi da wannan tauraro, ga shi da wancan. Hoto dai ba shaida ba ne. Duk wanda ya jure tsayuwa a ƙofar filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata zai samu ɗan wasan da zai dafa masa kafaɗa a ɗauka. Na bar shi ya gama baje su, sannan na ce, "Koci, a ina ka buga?"

"Pillars mana. Ni ne lamba biyar ɗinsu."

"Wace shekara ke nan?"

"Tun 1985 nake ciki, har na yi ritaya."

A nan zancen ya tsaya, domin a 1985 babu wata Kano Pillars. A 1990 aka kafa ta, bayan an haɗe ƙungiyoyi uku: WRECA, da Kano Golden Stars, da Bank of the North. Don kada in zalunce shi, na ce ko ɗaya daga cikin ukun yake nufi, tunda wasu tsofaffin 'yan wasa kan haɗe tarihin a baki. Ya kasa faɗar wacce. Na tambaye shi wa yake tsare musu gida a lokacin, wa kuma yake horar da su. Sai ya duba agogo ya ce ana jiransa a Sharaɗa.

Ƙwallon Kano tana da masu riƙe tarihinta, kuma ba a ofis suke ba. Akwai dattawan da har yau za su jero maka 'yan wasan Raccah Rovers da suka ci gasar ƙasa a 1978, su faɗa maka wa ke buga dama wa ke buga hagu. Magoya bayan Pillars, Sai Masu Gida, sun san Kadiri Ikhana ne ya ciyo musu gasar 2008, Baba Ganaru ya ciyo ta 2012 da 2013, Okey Emordi ta 2014. Saboda haka tambaya uku ta isa: wace shekara, a hannun wane koci, da su wa. Wanda ya buga da gaske, kafin ka rufe baki ya soma ba ka labarin motar da ta lalace musu a hanyar Makurɗi da wanda ya fi kowa ci a sansani, sai ka roƙe shi ya tsaya. Ka kuma kasa kunne ga yadda ake murɗa magana. "Na yi Pillars" na iya nufin ya sa hannu a kwantiragi ya buga kaka guda, na iya nufin ya je gwaji aka sallame shi ranar, na iya nufin ya taɓa ɗauko musu ƙwallo a bayan raga.

Kada mu ɗauka mu kaɗai ake yi wa wannan. A watan Nuwamba na 1996, a Ingila, wani ya buga wa kocin Southampton, Graeme Souness, waya ya ce shi ne George Weah, wanda a shekarar da ta gabata aka zaɓa gwarzon ɗan ƙwallon duniya. Ya ce yana da ɗan'uwa mai suna Ali Dia, ya buga wa Paris Saint-Germain da ƙasar Senegal, a taimaka a gwada shi. Ba a bincika ba. Weah ɗan Laberiya ne, ɗan'uwan kuma an ce ɗan wasan Senegal ne, ko wannan ya isa a ɗaga waya a tambaya. Aka ba shi kwantiragin wata guda, aka sa shi a wasan Firimiya da Leeds United ya canji Matt Le Tissier, kuma tun kafin a tashi aka sake cire shi saboda abin ya yi muni. Babban kulob ke nan mai ma'aikata da lauyoyi, sunan babban mutum kawai aka ambata musu.

Na biyu da ya zo mana bai yi ƙarya ba. Ya buga gasar ƙasa a wata ƙungiya ta rukuni na biyu, na kuma samu mutum biyu da suka tabbatar, ɗaya ma ya ce a zamaninsu ba a so a ba shi bugun tazara kusa da raga. Kwamiti ya so a ba shi nan take. Na roƙa a bari ya yi mana atisaye ɗaya muna kallo.

Lokacin bazara ne, zafin nan na Maris da ke sa kwalta laushi. Ya sa yara 'yan shekara goma sha biyu zagayen fili har wani ya durƙusa yana kakarin amai, ya ce masa rago. Da aka zo bugun raga, sai ya jera su layi guda da ƙwallo ɗaya, yaro ya jira ɗan'uwansa ya jira na bayansa, rabin lokacin kuma shi ne yake bugawa don su ga yadda ake yi. Ya iya, wallahi ya iya. Amma da wani yaro ya tambaye shi yadda yake sa ƙwallon ta lanƙwasa, amsar ita ce, "Kai dai ka buga kawai, dalla!" Ashar kuwa, har da iyayen da ke tsaye a gefe ta shafa. Abin da ƙafarsa ta sani, bakinsa bai san yadda zai faɗe shi ba.

Iya wasa daban, iya koyar da shi daban. Marigayi Shu'aibu Amodu bai yi wani suna a matsayin ɗan wasa ba, rauni ya katse masa hanzari da wuri. Amma shi ya ciyo wa BCC Lions ta Gboko, ƙungiyar kamfanin siminti, kofin Afirka na zakarun kofuna a 1990, shi ya kuma kai Najeriya gasar cin kofin duniya ta 2002 da ta 2010, ko da yake duka biyun an sauke shi kafin a tafi. Arrigo Sacchi na Italiya takalma yake sayarwa, bai taɓa buga ƙwallon ƙwararru ba, ya ci kofin Turai da AC Milan a 1989 da 1990. Akan samu wanda Allah ya haɗa wa biyun, irin Stephen Keshi da ya ci kofin Afirka yana ɗan wasa a 1994, ya sake ci yana koci a 2013. Irinsu ba su da yawa. Shi ya sa nake tambayar tarihin wasan mutum don in auna gaskiyarsa, ba don in auna iyawarsa ba.

Takarda kuma fa? Akwai ta, kuma sananniya ce. Cibiyar Wasanni ta Ƙasa, NIS, da ke Surulere a Legas tana horar da masu horarwa ta ba su shaida. Akwai kuma lasisin hukumar ƙwallon Afirka, CAF, wanda ake bi ta hannun hukumar ƙwallon Najeriya, NFF, mataki-mataki daga D zuwa C, zuwa B, zuwa A. A nemi ta asali a riƙe a hannu, ba hoton da ke cikin waya ba, don yaron shagon kwamfuta zai haɗa maka wadda ta fi ta gaske kyau. A duba shekara, a tambayi su wa suka yi kwas tare, a leƙa wurin ƙungiyar masu horarwa ta jiha ko hukumar ƙwallo ta jiha a ji ko sun san shi. Takardar ba ta mai da mutum gwani. Abin da take nunawa shi ne ya taɓa zama a gaban wani ya saurara, an gaya masa jikin ɗan shekara goma ba na ɗan ashirin ba ne, an nuna masa abin da ake yi in yaro ya faɗi ya suma.

Wanda muka ɗauka daga ƙarshe malamin motsa jiki ne a wata sakandare, ƙwallonsa ba ta wuce ta unguwa ba, kuma shi da bakinsa ya faɗa tun ban tambaya ba. Ya zo da takardarsa ta asali a cikin leda. Ranar gwajinsa ya riga kowa isowa, ya bi filin da ƙafa yana tsince fasassun kwalabe da ƙusoshi. Filin namu yana gefen wata kwata da ruwan masana'antu ke bi, ruwan da wata rana shuɗi ne, wata rana baƙi, mai warin da duk mazaunin Challawa ya sani. Ya tsaya a bakinta ya daɗe yana kallo, sannan ya juyo ya ce, "Yallaɓai, a samo mini doguwar gora da raga a bakinta. Duk yaron da ya sa hannu a nan don ɗauko ƙwallo, ya gama wasan ranar." Ni da nake aiki da sinadaran jima na san me ke cikin ruwan nan, kuma ba wanda ya yi wannan maganar a cikin masu neman aikin sai shi.

Ya raba yaran gida huɗu, kowane gida da ƙwallonsa, ba wanda ya tsaya yana jira. Ya sa hutun shan ruwa. Da wani ya gurɗe, ya durƙusa ya cire masa takalmi, ya latsa idon sawun a hankali yana kallon fuskar yaron, ya ce a kai shi a duba, kada a ja. Kafin kiran magariba ya sallame su, ya tsaya sai da na ƙarshe ya kama hanyar gida.

Duk da haka ban tsaya nan ba. Na je unguwarsu na gaishe da mai unguwa, na nemi iyayen yaran da suka taɓa zama a hannunsa, na tambayi kulob ɗin da ya bari me ya raba su. Wannan ɓangaren ya fi nauyi a baki, amma ya fi sauran muhimmanci, domin koci yakan yi tafiya da yara zuwa gasa a wani gari, su kwana a ajin makaranta, babu uwa babu uba. Muka rubuta a littafin kwamiti cewa ba ya kiran yaro gidansa shi kaɗai, kuma duk tafiya sai da uba ɗaya aƙalla a cikin mota. Bai ji haushi ba. Cewa ya yi dokar shi ma ta kare shi daga zargi.

Sai maganar kuɗi. Da yaranmu suka soma cin wasanni, sai ga masu manyan motoci. Wannan ya ce shi ejan ne, yana da hanya a Turkiyya, wancan ya ce Dubai. A kawo kuɗin fom, kuɗin gwaji, kuɗin biza, a kuma ba shi fasfon yaro ya riƙe. Dokar FIFA ta hana a kai ɗan wasan da bai kai shekara 18 ba wata ƙasa, sai da wasu 'yan sharuɗɗa ƙalilan da ba su cika shafar yaranmu ba. Tun 2023 kuma sai mutum ya mallaki lasisin FIFA kafin a kira shi ejan, yawanci ta hanyar cin jarrabawa, kuma sunayen masu lasisin suna shafin hukumar a intanet, kowa na iya dubawa da wayarsa. Wani uba a cikinmu har ya sa gonarsa a kasuwa. Muka zauna da shi muka nemi sunan ejan ɗin da ya zo masa a jerin, babu shi. Da aka gaya wa mai motar haka, bai sake dawowa ba. Shi Ahmed Musa da kowane yaro ke mafarkin zama, sai da ya ci ƙwallo 18 a gasar Najeriya da rigar Pillars kafin VVV-Venlo ta Holan ta ɗauke shi a 2010. Wasansa aka gani aka biyo shi.

Akwai abin da binciken ya jawo mana wanda ba mu yi lissafinsa ba. In ka tsananta wajen zaɓen mutum, ka hana shi karɓar ko sisi daga hannun yara, to kai za ka biya shi. Yawancin kocin unguwa da ke tatsar yara, ba mai ba su komai ne. Kuɗin fom shi ne albashinsu. Sai muka sa wa kanmu karo-karo duk ƙarshen wata. Wahalar ita ce aikin kamfani a Challawa ba shi da tabbas: wuta ta yi ƙaranci ko dizal ya yi tsada, a rage kwanakin aiki, albashi ya makara, karo-karo ya tsaya. An yi lokacin da muka kasa biyansa, sai muka kira shi muka gaya masa gaskiya, muka nuna masa littafin kuɗin. Ya duba shafi-shafi, ya tambayi wa ke riƙe da asusun, da sa hannun mutum nawa ake fitar da kuɗi, ya kuma nemi a rubuta bashinsa a ba shi kwafi. Dattijon nan da ya ce tambaya cin fuska ce shi ne ma'ajinmu, shi ya sa hannu a takardar.