TAFIYA MABUƊIN ILMI: Daga Boɗinga Zuwa Mandera A Kan Keke

A wannan fitowar ƙasar Sakkwato za mu leƙa, sai dai ba a mota ba, a kan keke. Na san wata za ta riƙe baki ta ce, "Keke kuma? Mace?" To ki yi haƙuri ki karanta zuwa ƙarshe tukuna.

Mandera ɗaya ce daga mazaɓu 10 na Ƙaramar Hukumar Shagari, maƙwabciyar Boɗinga. Babbar kwaltar da ta tashi daga birnin Sakkwato ta nufi Tambuwal da Jega ta ratsa Boɗinga da Shagari, amma da zarar mutum ya sauka gefenta ya kama hanyar da masu jakai ke yankewa, to ya shiga wata duniya daban. Ƙasar nan ba ta da dogayen duwatsu irin na Jos, abin da take da shi tuddai ne masu shimfiɗaɗɗen kai, ja wur da marmara, da fako mai tsakuwa, da kwari cike da rairayi. Mai mota ba zai ce komai ba ne, amma mai keke kafin azahar cinyoyinsa sun gaya masa gaskiya.

Da hunturu muka yi tafiyar, ni da yayana da ɗan kawunmu wanda ya san hanya. Sai da muka tambayi dattawan gari halin tsaro suka ce ba laifi, sannan muka tashi bayan asuba, sanyi na kaɗa haƙora. Zangonmu na farko Sifawa ne. Ƙaramin gari ne a ido, amma a nan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna daga wajen 1810 yana karantarwa yana rubuta littattafai, har 1815 da ya koma Sakkwato inda ya rasu a 1817. Ƙanensa Malam Abdullahi kuwa a Boɗinga ya zauna a wancan lokacin. Wato hanyar nan da muke takawa ɗalibai sun sha bin ta a ƙafa, da gafaka a kafaɗa.

Daga nan muka miƙa Shagari, mahaifar Alhaji Shehu Shagari, wanda ya shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983, kuma a nan aka rufe shi da ya rasu a 2018. Kada ku manta, kafin siyasa malamin makaranta ne. Muka sayi hoce da ƙuli-ƙuli muka ɗaure a kariya, muka bar kwalta.

Kai jama'a! Gani ya kori ji. Tudun farko tun ina taka feda a zaune har na miƙe tsaye, tayar baya na murza tsakuwa tana watsawa, keken kuwa ya ce bai san zancen ba. Yaya ya waigo yana dariya ya ce, "Ƙanwata koma ki zauna, nauyinki ne ke danne tayar ta kama ƙasa." Ai kuwa ina zama sai ga ni ina hawa, sannu sannu kamar hawainiya. Gangara kuma nata karatun daban ne, domin duk wadda ta damƙe birkin gaba a kan tsakuwa to ta shirya sumbatar ƙasa. Na baya ake latsawa kaɗan kaɗan, a ja jiki baya, a sassauta riƙon kan keken. In an zo rairayi kuma ba a tsayawa da taka feda, ba a kuma murɗa kai da ƙarfi, sai a ɗan rage iskar taya don ta yi faɗi kada ta nutse. Inda rairayin ya fi ƙarfinmu muka sauka muka tura, ba kunya ba ce, sannu ba ta hana zuwa.

Babban abokin gabar mai keke a nan shi ne tsidau, 'yar ƙayar nan mai ƙahoni da ke kwance a ƙasa. Sau biyu tana sace mana iska. Ɗan kawu ya zare tub ya hura, ya tsoma cikin kwanon ruwa har ya ga inda kumfa ke fita, ya kankare wurin ya shafa sholisho ya manna faci, kafin mu gama cin hoce ya gama. Ni dai na zuba ido na koya, na biyun ma da hannuna na yi.

Amma fa wahalar tana da lada. Da muka hau kan wani tudu na juya, sai ga ƙasa shimfiɗe har iyakar gani, gonakin gero an girbe, rumbuna a cike, jajayen awakin Sakkwato na kiwo a cikin kara, ga ayarin raƙuma can nesa cikin hazo. Itatuwan gawo sun yi kore shar, don shi gawo da damina yake zubar da ganye, sai rani ya yi ado. Can ƙasa a fadama kuwa masu noman albasa ne ke ban-ruwa.

Dab da Mandera muka tsaya gindin wata aduwa wurin wata dattijuwa mai fura. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke ɗiyata, daga ina da wanga doki na ƙarhe?"

Na durƙusa na gaishe ta na ce, "Daga Boɗinga muke Inna."

Ta tafa hannu ta ce, "Boɗinga! Da jikata na da irinai, da ba ta bar makaranta ba."

Na tambaye ta dalili, ta ce yarinyar ta gama firamare da ƙoƙarinta, amma sakandaren da nisa, kullum sai ta isa a makare ta sha bulala, ta dawo yamma liƙis ƙafa duk faso, har uban ya ce a haƙura. Wallahi furar nan da kyar ta wuce mini. Yarinya ba daƙiƙiya ba, ba kuma ƙin karatu ta yi ba, nisa kawai ya raba ta da aji.

Abin da ya ƙara taɓa ni, a wannan ƙasa ce Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'yan taru, inda jajis ke ɗora malfa a ka su jagoranci mata daga ƙauyuka a ƙafa don neman ilmi, su koma su karantar da na gida. Ashe fitar mace neman karatu cikin mutunci ba baƙon abu ba ne a nan.

Su Turawa hawan keke a kan tsakuwa wasa suka mai da shi, har gasar duniya suka fara a Italiya a 2022, wata Bafaranshiya Pauline Ferrand-Prévot ta cinye ta mata. A Indiya kuwa gwamnatin jihar Bihar ta fara bai wa 'yammatan sakandare kuɗin sayen keke a 2006, aka kuma ga yawan masu ci gaba da karatu ya ƙaru. Mu da hanyoyin tsakuwar ke bakin ƙofarmu, me zai hana masu hannu da shuni da ƙungiyoyin mata su duba wannan?

Ga wadda iyayenta suka amince ta hau, ga shawarata. Ki sa dogon wando a ƙarƙashin riga, ki tattare bakin hijabi kada ya shiga sarƙa ko wili. Ki riƙe ruwa da famfo da kayan faci. Kada ki tafi ke kaɗai, ku yi ayari ko ki bi muharraminki, ki kuma tabbata kin shiga gida kafin magariba. Mun isa Mandera da la'asar jajawur da ƙura, mutanen gari suka tarbe mu da ruwan alwala da tabarma kamar sun daɗe da saninmu, Allah Ya saka masu da alheri.

Ina jiran wasiƙunku, musamman ku da makarantarku ke da nisa, ku gaya mini yadda kuke zuwa da yadda kuke dawowa. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.