Daga Gozaki zuwa Maraɗi bayan ficewar Nijar daga ECOWAS

An gama sussuka, dawa ta shiga rumbu, sai ga saƙon Gwaggo daga Maraɗi cewa za ta aurar da autarta kafin azumi. Watan Fabrairun 2025 ne, ba a daɗe ba da cikar wa'adin ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS, ranar 29 ga Janairu. Ni da Baffa dangi suka wakilta. Shi tsohon ɗan kasuwar hatsi ne, ya daɗe yana awon masara a Bakori da Dandume yana lodi zuwa Jibiya, hanyar ba baƙuwarsa ba ce. Damuwarsa ɗaya: da wace takarda za mu shiga?

Muka bi ta Kafur zuwa Malumfashi, muka ratsa Dayi da Gidan Mutum Ɗaya da Kankiya, muka kwana Katsina. Da hantsi muna Magama, bakin iyaka.

Nan Baffa ya nuna mini gefen titin da manyan motoci suka yi jerin gwano a daminar 2023. Sojoji ƙarƙashin Janar Abdourahamane Tiani sun kifar da Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yuli, ranar 30 ga wata shugabannin ECOWAS suka zauna a Abuja suka ce a rufe iyakoki, a tsayar da ciniki. "Ɗana," in ji Baffa, "buhu bai san an yi juyin mulki ba. Ruwa ya dake shi, ya tsira a cikin mota, mai shi yana kallo."

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, ƙungiyar nan ita ce ta rattaba hannu a Dakar a 1979 cewa ɗan kowace ƙasa cikinta na iya shiga wata ya zauna kwana 90 ba biza. Haƙƙi ne da aka rubuta wa talaka, amma sanarwar taro guda ta ɗage shi, ba a tambayi majalisar kowace ƙasa ba. Kuma ba farau ba ne. A Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta don kanta saboda fasa-ƙwaurin shinkafa, babu juyin mulki a ko'ina, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022. Tsarin mulkinmu na 1999 ma, a sashe na 12, ya ce yarjejeniyar ƙasashe ba ta zama doka a gida sai Majalisar Tarayya ta zartar da ita. Manomin Gozaki da masararsa ta faɗi warwas ba shi da inda zai kai kuka cikin sauƙi.

Sau ɗaya dai tsarin mulkin ya yi mana rana. Da aka fara maganar tura sojoji Yamai, sashe na 5 ya hana shugaban ƙasa kai dakaru yaƙi waje ba da yardar Majalisar Dattawa ba, kuma ranar 5 ga Agustan 2023 dattawan suka ƙi goyon bayan amfani da ƙarfi. Jihohi bakwai ke iyaka da Nijar, tamu na ciki. Ina ganin ranar nan ta ceci rayukan da ba za su ƙirgu ba.

A tasha ana ta raɗe-raɗin ana mayar da wasu matafiya. A Ɗan Isa, ɓangaren Nijar, jami'i ya karɓi takardunmu, ya juya su, ya tambayi unguwar da za mu sauka, ya ce Allah ya sa alheri. Sanarwa biyu muka taka muka wuce: ta AES, wato ƙawancen Nijar da Mali da Burkina Faso, a Disamban 2024 cewa 'yan ECOWAS na iya shiga ba biza, da ta ECOWAS cewa za ta ci gaba da karɓar takardun 'yan ƙasashen uku har sai an sake shawara. Wanda ya yi sanarwa da safe yana iya janye ta da yamma.

Maraɗi gida ce. Zuriyar sarakunan Katsina da jihadi ya kora ne suka kafa sarautarta, har gobe Sarkin Katsina ake ce wa sarkin. Gwaggo ta tarbe mu da fura mai sanyi, tana cewa a lokacin takunkumi ko ƙanƙara ta gagara, don wutar garin ta layin Katsina take zuwa, kuma Najeriya ta yanke ta. Maganin hawan jininta sai an bi hanyar daji da babur ake samo shi.

Bayan ɗaurin aure na zauna a tabarma da kawun ango, tsohon malamin makaranta. Shi ya jero mini hukunce-hukuncen kotun ECOWAS na Disamban 2023. Da farko gwamnatin soja ta nemi a dakatar da takunkumi, kotu ta ƙi, ta ce ba halastacciyar gwamnati ba ce da za ta tsaya gabanta. Bayan mako guda kotun ta ce a saki Bazoum a mayar da shi kan mulki, sojoji suka yi kunnen uwar shegu. Da suka ce sun fice nan take a Janairun 2024, aka tuna musu sashe na 91 na yarjejeniyar 1993, mai neman sanarwar shekara guda.

"Malam," na ce, "to ku me kuka rasa da ficewar?"

Ya yi shiru, sannan ya ambaci Hadijatou Mani, wadda aka sayar baiwa tana yarinya, ta kai Nijar gaban kotun nan, ta yi nasara a 2008, aka ce a biya ta sefa miliyan 10. Ya ce shi bai yafe wa ECOWAS duhun da ta saka su ba, amma ƙofar da matar nan ta bi, ita ce yake jin an rufe wa jikokinsa.

Kafin mu juyo Baffa ya so ya sayi gero a babbar kasuwa, kamar yadda ya saba. Dillali ya girgiza kai: tun Oktoban 2024 gwamnati ta hana fitar da hatsi, sai dai zuwa Mali da Burkina Faso.